Me za mu kira "arrangement" na waƙa da Hausa? Ni na tsaya a kan "saƙar kiɗa"

Salamu alaikum, malaman Hausa da 'yan situdiyo. Ina so mu tsayar da kalma ta Hausa wadda za ta ɗauki abin da mawaƙan Turai ke kira arrangement. Haka ake rubuta ta a Turanci, haka kuma a Faransanci, don haka maganar ta shafi Kano ta shafi Yamai. Aiki ne da ake yi wa waƙa bayan an gama ƙirƙirarta. Kalmomi sun zauna, karin murya ya zauna, sai wani ya yanke wane abin kiɗa ne zai raka muryar, a ina zai shigo, me zai buga, a ina kuma zai yi shiru. Shawarata "saƙar kiɗa", mai aikin kuma "masaƙin kiɗa". A wannan tattaunawa tamu wata malama ta kawo "tsarin kiɗa", wani ƙanena ya kawo "adon kiɗa", wani mai situdiyo kuma ya ce "haɗa kiɗa" ta isa, zan amsa musu a ƙasa. Kafin a karɓi tawa ko a ƙi, ga waƙa guda wadda rigimar da aka yi a kanta ta fito da iyakar wannan aiki fili.

A watan Janairun 1969 ƙungiyar Beatles ta Ingila ta naɗi wata tattausar waƙa, irin wadda Turawa ke kira ballad, ta Paul McCartney mai suna "The Long and Winding Road" a situdiyonsu da ke Landan. McCartney na rerawa yana kaɗa fiyano, George Harrison na kan gita, Ringo Starr na taɓa ganguna a hankali, John Lennon ya riƙe bes, wato gita mai kaurin sauti, wadda ba ita ya saba kaɗawa ba, ga kuma Billy Preston da suka gayyato yana taya su a kan kibod. Niyyarsu a lokacin su fitar da kundi yadda suka buga shi kai tsaye, ba tare da an ɗora komai daga baya ba. Sai tef ɗin ya yi fiye da shekara a ajiye, saɓani kuma ya yi tsanani a tsakaninsu. A 1970 aka damƙa shi ga furodusa Ba'amurke Phil Spector, mutumin da ya yi suna wajen tula kayan kiɗa a kan waƙa har ta cika fam. Ranar 1 ga Afrilu 1970, a situdiyon Abbey Road, ya tara masu gogen Turawa manya da ƙanana, da masu busa ƙaho, da mai kaɗa haf, wato babban abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa da ake taɓawa da yatsu, da mata 14 'yan amshi, aka ɗora su a kan tef ɗin. Richard Hewson ne ya rubuta abin da makaɗan za su buga, shi ya kuma jagorance su. McCartney ba ya wurin, ba a kuma nemi izininsa ba.

Da ya natsu ya saurari abin da aka yi, ranar 14 ga Afrilu ya rubuta wa Allen Klein, wanda ke riƙe da harkokin kamfaninsu na Apple, wasiƙa mai zafi. Ya nemi a rage ƙarar goguna da ƙahoni da muryoyin amshi, a cire haf ɗin gaba ɗaya daga ƙarshen waƙar, a mayar da fiyanonsa a wurin, kada kuma a sake yi masa haka. Ba a canza komai ba. Kundin Let It Be, wanda waƙar ke ciki, ya fito ranar 8 ga Mayu 1970, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Yuni, ita ce ta ƙarshe da ƙungiyar ta kai wannan matsayi a can. Da McCartney ya shigar da ƙara kotu yana neman a raba ƙungiyar, abin da aka yi wa waƙar nan na cikin dalilan da aka gabatar. Ku lura, ba a sake masa kalmomin baitukansa ba, ba a sauya masa kari ba, muryarsa ce dai a kan tef. Abin da ya fusata shi har ya shiga takardun kotu shi ne abin da muke nema wa suna.

Wanda ke son ya ji da kunnensa, abin a sauƙaƙe yake. A 1996, cikin kundin Anthology 3, an fitar da wannan ɗauka ɗin dai, wato naɗin da Spector ya yi aiki a kansa, ta ranar 26 ga Janairu 1969, ba tare da ƙarin Spector ba. Murya ɗaya, rana ɗaya, numfashi ɗaya. A ta 1996, idan ya kai ƙarshen layi sai ka ji fili: amon fiyano yana dusashewa, ganga na jira, kai ma kana jira. Mutum ne zaune shi kaɗai yana faɗin abin da ke damunsa. A ta 1970 kuwa, yana rufe baki a layin farko goguna da ƙahoni sun amsa masa da ƙarfi. A tsakiya, inda murya ta huta, goguna ne suka ɗauki karin, matan na tashi a bayansu, fiyanon ya nutse har da ƙyar ake jin sa. Kukan mutum ɗaya ya koma taron biki.

Dalilin da ya sa tattausar waƙa ta fi kowace jin wannan aiki a jikinta shi ne tazara. A waƙar rok mai sauri, ganguna da gita sun riga sun toshe kowace kafa, abin da za ka ƙara kaɗan ne. Tattausa kuwa a hankali take tafiya, tsakanin layi da layi akwai daƙiƙoƙi da babu murya, kuma duk wanda ya mallaki waɗannan daƙiƙoƙi shi ke gaya wa mai sauraro abin da zai ji a ransa. In ya bar su fayau, ka ji kaɗaici. In ya zuba goguna ashirin, ka ji girma da hawaye tun mawaƙin bai gama maganarsa ba. Ni a kunnena wannan ne laifin ta 1970, ta riga mawaƙin kuka. Amma Spector na da hujjarsa: ya ce Lennon ya yi kurakurai a bes, dole ya rufe su, kuma jama'a masu ɗimbin yawa da wannan sigar suka san waƙar, da ita suka so ta.

Kada kuma a ɗauka goge ne abokin gaba. A 1965 furodusansu George Martin ya ba McCartney shawarar a sa goguna a waƙar "Yesterday". Da farko ya yi ɗari-ɗari, daga baya suka zauna tare suka yi aikin. Goguna huɗu kacal, biyu ƙanana, ɗaya matsakaici, ɗaya babba, kuma ba su shigo ba sai a baiti na biyu. Baitin farko murya ce da gita kawai. McCartney ya kuma hana makaɗan karkarwar tsirkiya da suka saba yi don ƙara tausayi. Shirun gogunan a baitin farko wani ɓangare ne na aikin, kamar yadda shigowarsu take. Ku riƙe wannan, don da shi zan auna kalmomin da aka kawo.

Malama, na ga kin kawo "tsarin kiɗa", kuma na san shi ne zai fara zuwa bakin kowa. Matsalarsa, Allah ya ƙara miki sani, ita ce kalmar tsari ta riga ta yi kaya da yawa. Masu nazarin waƙar baka suna amfani da ita wajen maganar gindin waƙa da ɗiyanta, da yadda jagora da 'yan amshi ke karɓeɓeniya. Masu nazarin rubutacciyar waƙa suna cewa tsarin baiti. In muka ce an sauya tsarin waƙar McCartney, ɗalibinki zai zaci an jirkita baituka, alhali suna nan daram. "Shirin kiɗa" ma haka, rediyo da talabijin sun riga sun mallake shi.

Ƙanena da ya ce "adon kiɗa" ko "ƙawata waƙa", ka yi kusa, amma ado ƙari ne kawai. Wanda ya hana goguna shigowa a baitin farko bai yi ado ba, kuma ya yi aikin. Wanda ya ɗauki waƙa mai ganguna da gitar lantarki ya mayar da ita murya da fiyano shi ma ya yi aikin, alhali ragewa ya yi. Sannan ado na nuna abin da za a iya cirewa jiki ya zauna yadda yake, mun kuwa ji cewa waƙar 1970 da ta 1996 ba abu ɗaya suke faɗa wa zuciya ba.

Maigida mai situdiyo, maganarka ta fi nauyi, tunda ku ke cikin sana'ar. Ka ce ai "haɗa kiɗa" kuke cewa, me ya kawo wata sabuwa? Gaskiya ne, kuma ba na neman a kore ta. Sai dai a wurinku mutum ɗaya ne ke zaune gaban fiyano da kwamfuta, shi zai ƙirƙiri bugun, shi zai zaɓi sautuka, shi zai naɗi murya, shi zai yi miksin, wato daidaita ƙarar sautukan. "Haɗa kiɗa" ta rungume duka huɗun. A waƙar da muke magana a kai kuwa hannaye daban ne. McCartney ya ƙirƙira. Hewson ya rubuta abin da kowane goge da ƙaho zai buga. Spector ya yanke cewa za a sa su, ya ɗaga ƙararsu, ya danne fiyano, ya zuba amsa-kuwwa. In kalma ɗaya ce gare mu, ba za mu iya cewa laifin na wane ne ba, ba kuma za mu iya yaba wa wanda ya cancanta ba. Aikin Spector mu bar shi da sunan da kuka riga kuka ba shi, furodusa, aikin situdiyo, naɗi da tacewa. Wani lokaci mutum ɗaya kan riƙe biyun, kamar George Martin, amma ayyukan biyu ne.

To me ya sa saƙa? Ka ba masaƙa biyu zare iri ɗaya, ɗaya ya fito da luru mai kauri, ɗaya ya fito da ƙyalle shara-shara. Zaren bai canza ba, hannun da ya shigar da wannan ya fitar da wancan ne ya bambanta. Kalmar na ɗauke da shiga da fita, da cikawa da barin fili, kuma ba ta cewa an ƙirƙiri zaren. Abin da ya fi ja na gare ta shi ne tana lanƙwasuwa a jimla ba tare da an tilasta mata ba. Wa ya saƙa kiɗan waƙar nan? Saƙar ta yi kauri, ta danne murya. A sake mata saƙa. Har kishiyarta muna da ita a shirye: a 2003 aka fitar da kundin Let It Be... Naked, inda aka warware abin da Spector ya ɗora wa waƙoƙin, ko da yake a wannan waƙa wata ɗauka daban aka yi amfani da ita, ta 31 ga Janairu 1969. "Tsari" da "ado" ba za su ba ka "warware" cikin sauƙi haka ba.

Wani ya tuna mana da "saƙa da mugun zare" da "saƙe-saƙen zuci", ya ce kalmar na da warin makirci. Ban ga abin tsoro ba. Mugun zaren ne ya ɓata waccan, kuma da zarar an ce "kiɗa" a bayanta kunne ya san inda aka dosa.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Mamman Shata ke barin kalangu su yi ta tafiya kafin ya jefa ɗan waƙa, ko inda 'yan amshinsa ke karɓa, yanke shawara ne irin wannan. Ɗan Maraya Jos da ya tsaya shi da kuntiginsa, ba amshi ba ganga, shi ma zaɓi ya yi, kuma rabin ƙarfin waƙoƙinsa daga wannan fili yake fitowa. Jagora ne ke yin aikin da kansa a cikin ƙungiyarsa, shi ya sa ba a ware masa suna ba. Yau da waƙa ɗaya kan bi ta hannun mutum uku ko huɗu kafin ta fito, buƙatar sunan ta taso.

Ita kuwa ballad, da na yi ta kiranta "tattausar waƙa" tun daga sama, ina ganin ta zauna. "Waƙar soyayya" ta yi mata kaɗan, don ba kowace ce ta soyayya ba, "waƙar sanyi" kuma za ta kai hankali ga hunturu.

Ga yadda nake so in gani a ƙarƙashin bidiyo ko a bakin mai gabatar da shiri: waƙa da kari, wane, saƙar kiɗa, wane, naɗi da tacewa, wane. Mace masaƙiyar kiɗa, jam'i masaƙan kiɗa. Maigida, ka gwada ta a kan yaranka na situdiyo ba tare da ka yi musu bayani ba. Ka ce wa ɗayansu saƙar waƙar nan ta yi kauri a baiti na biyu, ka ga ko hannunsa zai tafi wajen rage sautuka ko wajen rage ƙara. In ya tafi wajen sautuka, ka dawo ka gaya mana a nan.