Tuwon sabuwar dawa: me ya sa sai an taru kafin a taɓa rumbu?

Ɗan Ƙofar Gayan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka tashi a gidan noma ce. Mahaifinmu ya rasu da bazarar nan, Allah ya jiƙansa, wannan ce kakar farko da muka girbe gonarmu ta wajen Dakace babu shi. Mun ɗaure dawa dami 64, duk kaura. Ni ne babba a maza, sai na ce a sussuke a zuba a buhu, kowane ɗaki ya ɗauki rabonsa. Hajiya ta ce atafau ba mai ɗora tukunya da sabuwar dawa sai an yi tuwon gida.

Yadda Baba yake yi, bayan an gama jera dami a rumbu, shi da kansa zai zaro guda ya miƙa wa Hajiya. Matan gidan duka su yi surfe a turmi ɗaya, a tuƙa a tukunya ɗaya, da miyar taushe ta kabewa da yakuwa, a kwarara man shanu. Malmalar farko ba ta zama a gida. Sai an kai wa liman, da maƙwabta, da ƙannenmu mata da ke gidan aure, sannan a fito da baƙin akushi zaure. Baba zai yi bisimilla, ya gutsuri loma ya sa wa ƙaramin jika a baki kafin ya ci nasa. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, abin da ke ci mini rai ke nan. Mene ne ma'anar wannan tsari? Wani abokina kuma ya ce bidi'a ce.

Manomin Shika:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Abin da ka bayyana tsarin gandu ne, ɗan'uwa. Gayauna ta mutum ɗaya ce, ya ga dama ya kai amfaninta kasuwar Giwa tun da ɗanyensa. Amma hatsin gandu kowa ya zuba guminsa tun daga sharar gona har girbi, don haka ba wanda ya isa ya buɗe shi a ɓoye. Tuwon nan shi ne buɗewar, a gaban idon kowa. Tukunya ɗaya kuma shaida ce cewa ba a raba gandu ba. Ka lura, ranar da aka ce kowace mace ta ɗauki buhunta, to shekara mai zuwa gonar za a nemi a raba. Ina jin abin da Hajiya ta hango ke nan.

Ka tuna kuma da watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara na jiran gero ya nuna a gasa musu tumu. Wanda ya ɗanɗani wannan ƙuncin ba zai cinye sabon tuwo shi kaɗai ya ƙyale maƙwabci ba.

Almajirin Kwarbai:
Kada a haɗa abu biyu. Wajibi shi ne zakka, a Suratul An'am aya ta 141 aka yi umarnin ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Idan ya kai nisabi, wato sa'i 300 bayan sussuka, noman damina ɗaya cikin goma ake fitarwa, na ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Shi ya sa magabata ke ware dami ɗaya a kowane goma. Tuwon kuwa al'ada ce. Muddin ba a ƙudurta cewa barinsa zai jawo wata masifa ba, ciyarwa ce da sada zumunci. Ku fara da awon zakkar dai.

Bazazzagiya:
Yaya, bari in faɗa maka daga ɓangarenmu mata. Shekara 11 ke nan da aurena a Samaru. Duk kaka ƙanina kan shigo da kwano ɗaure cikin ɗankwali, da ɗuminsa. Ina buɗe shi a tsakar gida in raba wa faccalolina, kowa ta san ina da gidan uba, kuma ana lissafi da ni a can. Shekarar da babanmu ya rasu ba a aiko ba, yayyena suka raba buhuna kawai. Wallahi ranar da na ji an gama raba hatsi na fi yin kuka a kan ranar sadakar bakwai. Kada ka yi wa ƙannenka haka. Aikin dai akwai wuya, a kai niƙa inji, a rage wa mata.

Ɗan Ƙofar Gayan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira Hajiya, mun tsayar da Asabar mai zuwa, bayan mun auna zakka. Ta ce ni zan zaro damin, amma Baffa ne zai zauna a gaban akushi tunda yana raye. Kwano biyar za a fitar na ƙannena, ɗaya har Wusasa zan kai da kaina.