Bel ɗin kujerar tsere na BMW E36: mai madauri huɗu ko mai shida na hannu?

Abba_E36:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa wannan harka da hannunsu. Ina da BMW E36, na janye ta daga hawan yau da kullum, na fitar da kujerun baya da kafet, na sa kujerar tsere mai ramuka biyu a kafaɗa da ɗaya a ƙasa tsakanin cinyoyi. Niyyata a ɗora ta a babbar mota a kai ta filin tsere na Evbuobanosa a jihar Edo. Ba za ta ƙara taka titin Kaduna ba. Keji rabi gare ni, wato ƙarafan da ake kafawa a cikin mota su kare direba in ta kife, a bayan kujera, da ƙarfe ɗaya a gicciye daidai kafaɗa. Na ware naira 400,000. Abu biyu ne a gabana: sabon bel mai madauri huɗu, ko mai madauri shida na kamfanin Sabelt na hannu, wanda ƙyallen da ke jikinsa ya nuna wa'adinsa ya ƙare a 2023. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Barnawa:
Wa alaikumus salam. Ni dai da ni ne kai, sayar da E36 ɗin zan yi in cika kuɗi in ɗauki E46, samfurin BMW da ya biyo bayanta. Kayan gyaranta sun fi samuwa yanzu.

Sadiq Malali:
Bel ɗin da kamfani ya sa wa motar ai ya isa. Kullum da shi nake bin hanyar Zariya, ban taɓa ganin matsala ba. Kuma in ka sa na tsere, juyawa ka duba bayanka a shataletale ma wahala za ta yi maka.

Abba_E36:
Yaya Sadiq, na ce motar ba za ta hau titi ba.

Malam Bakanike Kawo:
Abba, ɗana, kawo motar in gani da idona. Kafin a yi maganar bel, ina son in ga ƙarfen da aka yi kejin da shi. Na sha ganin keji da bututun ruwa, an shafa masa baƙin fenti yana ƙyalli. Bel ɗin miliyan ɗaya in aka ɗaura shi a jikin irin wannan, tare za su tafi. Sannan wajen ɗaura na ƙugu, ba a huda falan mota a sa noti kawai. Sai an sa farantin ƙarfe mai kauri ta ƙarƙashi, in ba haka ba ranar da aka yi karo notin zai yage falan ya fito.

Baban Khalifa:
Ban so in yi magana ba, amma da na ga an ambaci mai madauri huɗu sai na kasa yin shiru. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, yau da sanda yake tafiya, kuma irin wannan bel ɗin yana cikin dalilai. Golf 3 gare shi, yana wasa da ita a wani fili a bayan gari. Ya sayi bel kore shar daga wani mai sayarwa a Instagram, da sunan babban kamfani a jiki. Mai waldan da ya ɗaura masa ya ja madaurin kafaɗa ya gangara da su ƙasa, ya ɗaure a falan motar dab da bayan kujera, ya ce haka ya fi kamawa.

Ranar da abin ya faru ba wani gudun tashin hankali yake yi ba. Mota ta ƙwace, ta daki tudun ƙasa da goshi. Da muka je ciro shi, ƙarfen da ke haɗa madaurin, wanda ya kamata ya zauna a ƙugu, mun same shi can sama wajen cibiya, shi kuma ya zame ta ƙarƙashi, gwiwoyinsa sun shige ƙarƙashin sitiyari. Ciki ya kumbura kafin mu isa asibiti, sai da aka yi masa aiki a hanji. Bayan nan hoto ya nuna ƙashin bayansa ya murƙushe a gaɓa ɗaya. Likitan ƙashi a Kano ya tambaye mu ko daga sama ya faɗo, don irin raunin da yake gani ke nan ga wanda ya faɗo daga bene. Madaurin kafaɗar ne suka danne shi ƙasa lokacin da jikinsa ya yi gaba.

Na kira mai sayarwar, ya ce shi ma haka aka turo masa, daga nan ya toshe lambata. Mai walda ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma fili na gado muka sayar muka biya kuɗin magani, kuma yaron da ke ɗaukar buhun masara da hannu ɗaya yanzu ɗansa ma ba ya iya sabawa a kafaɗa. Bel ɗin yana nan a ɗakina. Duk mai son ganin yadda jabu yake, ya zo Tudun Wada in nuna masa. Zaren ɗinkin da farce nake tsinka shi.

Ummu Aisha U/Rimi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Baban Khalifa, ana yi masa gashin ƙashi kuwa? Wani ɗan uwanmu ya ji sauƙi sosai da shi bayan haɗarin babur.

Baban Khalifa:
Amin, Hajiya, na gode. Ana yi. Sanyin hunturu ne yake tayar masa da ciwon.

Ɗan Barnawa:
Nawa ya saye shi?

Baban Khalifa:
Naira 35,000 a lokacin.

Mai Kayan Mota Abuja:
Allah ya ƙara sauƙi. Amma kada a yi wa kowa kuɗin goro. Ina da mai madauri huɗu a shago, naira 85,000, kuma yaran da ke wasan mota a Abuja da yawa a wurina suka saya, babu wanda ya dawo da ƙorafi.

Injiniya_Coventry:
Alhaji, da girmamawa, wanda bel bai riƙe shi ba ba lallai ya samu damar dawo maka da ƙorafi ba. Ina zuwa filin tsere a nan Ingila, kuma na ƙarshe da na saya, mai madauri shida na kamfanin OMP, ya haura fam 200 kafin kuɗin aike. Ka lissafa da canjin yau ka ga ko 85,000 za ta kawo na gaskiya.

Abba, ga amsar tambayarka. Kada ka ɗauki ko ɗaya. Mai madauri huɗu ba shi da abin da ke riƙe na ƙugu a ƙasa, shi ya sa yake hawa ciki kamar yadda ya faru da ƙanin Baban Khalifa. Schroth na Jamus suna da wani mai huɗu da suka yi wa dabara ta musamman don rage wannan zamewa, amma tunda kujerarka tana da ramin ƙasa, mai shida ne naka, don ƙarin madaurinsa biyu ta ramin nan suke bi su riƙe na ƙugu. Na hannun kuma, ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, shekara 5 take ba bel bayan shekarar da aka ƙera shi, wato naka na 2018 ne. Ta SFI, mai tantance kayan tsere a Amurka, ma shekara 2 kacal take bayarwa. Rana da gumi da man fetur suna cin zaren, kuma ba ka san ko an taɓa yin karo da shi ba. Bel ɗin da ya taɓa miƙewa a haɗari ya gama aiki. Nemi sabo mai lambar ƙa'ida 8853-2016 da tambarin FIA mai walƙiya. Madaurin kafaɗa su naɗe a ƙarfen kejin nan na gicciye, daidai kafaɗarka ko ƙasa da ita kaɗan, kada gangarar ta wuce digiri 20.

Mai Kayan Mota Abuja:
Ni a dala 40 nake sarowa daga Chaina, kuma tambarin yana jiki.

Nura Rigasa:
Wani abokina ya shigo da bel ɗin kamfanin Sparco mai shida ta hannun ɗan uwansa daga Dubai, duka-duka naira 280,000 ya kashe.

Ɗan Barnawa:
A'a Nura. Ni an ce mini 600,000 a Legas, irinsa sak.

Malam Bakanike Kawo:
Injiniya, na ji bayaninka, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kana zaune a ƙasar da za ka danna waya gobe a kawo maka har ƙofa. Mu a nan tun kafin a haife ka muke kwance a ƙarƙashin mota. Na riƙe bel da wa'adinsa ya wuce amma yana cikin kwali, rana ba ta taɓa ganinsa ba, ya fi sabon jabu sau goma. Hannu ke gane kaya, ba takarda ba.

Injiniya_Coventry:
Baba, ban raina hannunka ba wallahi, a kan walda kai zan tambaya. Amma ƙarfin zare ba a gane shi da shafawa, na'ura ce take ja ta gwada. Sannan duk gasar da ke bin ƙa'idar FIA, ƙyallen nan za a fara dubawa kafin a bar mota ta shiga.

Sadiq Malali:
To wa za mu bi ke nan, mai digiri ko mai sifana?

Baban Khalifa:
Ku bi wanda ya kwana a asibiti.

Nura Rigasa:
Ni abin da ke ba ni dariya, mutanen da ke musu a kan madauri shida, rabinsu madauri ɗayan da ke motarsu ma sai sun hango 'yan Rod Sefti suke ja su riƙe da hannu.

Ɗan Barnawa:
Haha! Nura ka bar tone-tone. Direban da ya kai ni Kano ma bel ɗinsa ƙulli ya yi masa, yana rataya shi a wuya in an zo shinge.

Injiniya_Coventry:
Abu ɗaya da ba a ambata ba: wuya. In bel ya kafe jikinka a kujera, kai da nauyin hular kwano su ne za su yi gaba su kaɗai. Abin da ya kashe Dale Earnhardt, direban gasar NASCAR ta Amurka, ke nan a filin tsere na Daytona a 2001, karaya a gindin ƙoƙon kai. Bayan haka NASCAR ta wajabta HANS, abin da ke zama a kafaɗa yana riƙe hular, kuma gasar tseren motoci ta Formula 1 ta tilasta shi daga 2003. Abba, ka sa shi a lissafi.

Abba_E36:
Yaya Injiniya, 400,000 ɗin fa ita ke nan. In na sayi sabon mai shida, ina kuɗin HANS? Ko in ɗaga tafiyar?

Ummu Aisha U/Rimi:
Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga magana. Kai Abba ka kyauta da za ka kai motarka fili. Amma ku manya a harkar nan ku ja wa ƙannenku kunne. Duk ranar ɗaurin aure a layinmu sai yara sun zo suna juya mota a tsakiyar titi, wasu a zaune a bakin taga, ƙura ta turnuƙe, ga 'yan makarantar Islamiyya suna tsallakawa. Ranar Asabar da ta wuce mai sayar da awara a bakin layi da ƙyar ta janye kaskonta.

Nura Rigasa:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, ba mai kare wannan. Amma ina za su je? Mai doki yana da filin sukuwa da na folo, mai ƙwallo yana da filin wasa na Ahmadu Bello. Mai mota sai ya ɗauki hanya har Edo. Kuɗin ɗora mota a kai ta can a dawo da ita kaɗai ya isa ya hana yaro.

Malam Bakanike Kawo:
Rashin fili ba hujja ba ce ta taka ɗan mutane. Yaran nan motar ubansu suke sata, su lalata taya da ƙafar mota, Litinin a turo mini ita a ce rami aka faɗa.

Mai Kayan Mota Abuja:
A Abuja ma haka muke fama, yau a ba ka wuri gobe a kore ka.

Ɗan Barnawa:
Ƙasa ce ba mu da ita a Kaduna? Ku bi hanyar Kachia ku ga fili. Mutum ashirin masu hali a cikinmu in suka haɗa kai za a iya hayar wuri, a share, a jera tsofaffin tayoyi, a ajiye motar asibiti a gefe.

Baban Khalifa:
An taɓa tara kuɗin irin wannan, har ni na ba da nawa. Ku fara tambayar inda na farkon ya shiga.

Nura Rigasa:
Yaya, wannan maganar ba a nan za a yi ta ba, wanda ya riƙe kuɗin yana karanta mu. Ɗan Barnawa, filin hanyar Kachia da kake faɗa, kafin Maraban Rido ne ko bayanta? Kuma wa ke da shi?