BEPC saura wata huɗu, ni kuwa sai ƙarfe 9 da rabi na dare nike buɗe kaye

ƳarBagalam:

Assalamu alaikum. Da wayar yayana nike rubutu, minti goma ya ba ni, ku yi haƙuri in magana ta cakuɗe.

Shekarata 16, ina turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, a wani CEG nan cikin Maradi, bana zan yi BEPC, jarrabawar gama kwaleji. Bara mwayan ɗina, wato matsakaicin makina bisa 20, ya wuce 12, amma a kompozisiyon da muka gama na faɗo 9,40. Lissafi 6 bisa 20 na samu. Buletan ɗin, wato takardar sakamako, yana cikin kayen tarihi, har yau ban nuna ma Baba ba.

Da kiran assalatu nike tashi. Bayan salla in share tsakar gida, in ɗebo jarka biyu a pampon unguwa, in yi ma ƙannena wanka. Inna awara take yi, ni ke kai waken suya wajen inji, wata rana sai na tarar da layi, in iso lakkol sirbeyan ya riga ya tsaya a ƙofa. Ƙarfe 1 da rabi mu tashi, in tako da ƙafa, ga wanke-wanke na jirana. La'asar islamiyya, can ma akwai hadda. Daga magariba ina bakin kasko tare da Inna har isha'i ta wuce. In na buɗe kaye layi uku nike karantawa barci ya kwashe ni. In an ɗauke kuran kuma sai tocila.

Abin da ya fi ci mini rai, darasin da na karanta sau biyar, ranar dabuwar, wato gwajin cikin kilas, sai in neme shi in rasa. Gabana ya yi ta faɗuwa, hannu na rawa, ga ciwon kai kusan kullum. Sau uku ina zana tsarin lokaci kamar yadda mushe ya koya mana, ban taɓa bin shi kwana biyu ba. Wata ƙawata ta ce in riƙa shan Nescafé da dare, wani ɗan kilas ɗinmu ya ce akwai ƙwayar da ke kore barci. Goggona kuma ta fara cewa in ban samu ba ai ba a rasa masu so ba. Kun gane abin da take nufi. Don Allah mi zan yi?

Mushen Lissafi:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na daɗe ina riƙe da turwaziyam, kuma kowace shekara sai na ga irinki a benci na biyu ko na uku, tana gyangyaɗi ƙarfe 11.

Tsarin lokacin da kika zana sau uku, yaga shi. Mu ne muka koya muku shi, kuma na yaron da ke da ɗaki da tebur da mai dafa masa abinci ne. Ke lokacinki ba a hannunki yake ba, na gida ne. Kada ki nemi awa uku, ba za ki samu ba. Nemi minti 40 da kanki ke a sake, ki ba lissafi su. A ranar da kika lissafa mana, wurin da na hango shi ne tsakanin sallar asuba da fitowar rana, in an ɗauke miki ɗibar ruwa. Ƙarfe 9 da rabi na dare kuwa saura ne, kin riga kin ƙare. A lokacin ki haɗa jakar gobe, ki duba wace dabuwar ke tafe, ki kwanta.

Sai maganar karanta darasi sau biyar. Ki tuna yadda kike hadda a islamiyya. Kallon shafi kike yi har ya shiga? A'a. Kina rufe littafi ki biya da ka, inda kika kakare ki leƙa, ki sake rufewa. Gobe kafin a ƙara miki sabo sai kin kawo na jiya, ƙarshen mako kuma ga tishi. Makarantar allo ma haka, ba a wanke allo sai yaro ya kawo shi da ka. To mi ya sa in kin zo kan kayen SVT, kimiyyar halittu da ta ƙasa, sai ki bar wannan hanya ki koma kallo? Ido na ruɗin mutum. In kin ga shafin da kika saba gani sai ki ji kamar kin iya, alhali gane shi kawai kika yi. Ranar dabuwar babu shafin, shi ya sa kan ke zama wayam.

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya wallafa a 1885: mafi yawan mantuwa a awowin farko da ranar farko take faruwa, daga nan ta rage gudu, kuma duk maimaicin da aka yi bayan an ba da tazara yana sa abu ya daɗe. Malamanmu na allo sun riga shi aiki da ita, shi dai ya auna. Saboda haka darasin yau, ki rufe kaye ki faɗe shi yau, ko da a hanyar gida ne. Ki sake bayan kwana biyu, sannan ranar Lahadi.

Lissafi kuma da bik ake yinsa. Wanda ya karanta gyaran da na yi a tablo bai yi lissafi ba, kallon kokawa ya yi. Ɗauki aikin da muka gyara, rufe amsar, yi shi a takardar banza, sannan ki gwada. Guda biyu a rana sun isa. Ki fara da Pitagor da Talas da warware ekwasiyo, don tsoffin tambayoyin BEPC cike suke da su. In Pitagor ya ƙi zama, tsaya wajen magina ki ga yadda suke fidda kusurwa da igiya: 3 nan, 4 can, tsakani 5. Tara da goma sha shida, ashirin da biyar. Shi ke nan teyoram ɗin.

Ki kuma duba koyefisiyan, wato nauyin da ake ba kowane fanni, a buletan ɗin da kika ɓoye. A ce fanni mai 3 kika ɗaga daga 6 zuwa 10, maki 12 kenan. Fanni mai 1 da kike so, ki ɗaga shi daga 14 zuwa 16, maki 2 kacal. Yara sun fi son maimaita abin da suka riga suka iya saboda daɗinsa, a nan lokacin ke zubewa.

Buletan ɗin, ki nuna ma Babanki da kanki kafin ya ji a bakin wani.

Ɗan Ali Ɗan Tsoho:

Ƙanwata, ni yanzu ina shekara ta biyu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, amma sau biyu na yi BAC, jarrabawar da ke kai mutum jami'a, bari in faɗa miki dalili. Daren jarrabawar fizik ta farko muka kwana a fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, aka bi da Nescafé. Da safe na zauna, na karanta tambaya, na ga na san ta, sai farkawa na yi mai tsaro na bubbuga tebur. BAC na ɓangaren D, na kimiyya, kuma ba ya yafe fizik.

Shekara ta biyu muka haɗu mu huɗu, muka shafa baƙin fenti a bangon zauren su abokina, muka yi karo-karo na alli. Doka ɗaya ce: kowa sai ya tashi ya yi bayani, sauran su yi ta yi masa tambaya kamar ƴan sanda. Ki nemi ƴan mata biyu, kada ku wuce uku, in kun kai biyar hira ce. Asabar da safe awa biyu.

Layin inji da kike kuka da shi ma kilas ne. Yanki takarda kamar tafin hannu, tambaya a gaba, amsa a baya, ki ɗaure a bakin hijabi. Da haka na haddace shekarun tarihi, 1958 jamhuriya, 1960 ƴancin kai, duk a layin pampo.

Uwar Biyar:

Mushe, Allah ya saka da alheri, amma ka ce "in an ɗauke miki ɗibar ruwa" ka wuce kamar jarka na da ƙafa. Ku malamai kun iya raba lokacin da ba naku ba. Uwar nan da ke bakin kasko, da wace riba ake sayen kaye da bik da kuɗin takardun jarrabawa? Ba mugunta ke sa mu aiki da ɗiyanmu ba. Ni ƙuli-ƙuli da mai nike yi a Sabon Gari, ɗiyata ta biyu ta samu BEPC, kuma har ranar jarrabawa ita ke wanke tukunya.

Ɗiyata, ga abin da zan faɗa miki a matsayin uwa. Kada ki je ma Innarki da "aiki ya yi mini yawa". Ranar da tawa ta faɗa mini haka, abin da na ji shi ne ta raina sana'ata, muka kwana biyu ba ma magana. Kada kuma ki tayar da zancen a bakin kasko, mai na tafasa yara na miƙo dala biyar-biyar. Ki bari ranar da ciniki ya yi kyau, ta ƙirga kuɗinta ta ɗaure, ki zauna kusa ki ce: Inna, wata huɗu suka rage, abu ɗaya nike roƙo, ruwan safe. Abu ɗaya, da ranar ƙarewarsa. Uwa na iya ba da rancen wata huɗu, abin da ba ta iyawa shi ne a ce ta saki hannu gaba ɗaya. Ki kuma ce ranar Lahadi wanki duka naki ne, don ta ga ba gudu kike ba.

Sannan ina tambaya: wannan yaya mai waya, hannunsa ciwo yake? Mai iya ba da aron minti goma ai yana iya ɗaukar jarka biyu.

Zancen goggo kuma, ki bar shi a bakinta. Ba ita ke ɗaura aure ba. Babanki ke da magana, shi ya sa gara ya ga 9,40 daga hannunki, tare da abin da kika shirya yi a kai.

Mushen Lissafi:

Hajiya, na karɓi gyara. A gidana ma ba ni ke ɗibar ruwan ba.

Malamar Asibiti:

Ni kan ƙwayar nan zan tsaya. In tramol yake nufi, ba maganin kore barci ba ne kuma ba maganin karatu ba ne. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su mofin, yana kama mutum ya kasa bari, kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya danne numfashi. Na ga samari da aka kawo mana a kan haka. Kada ki karɓa ko kyauta ce.

Nescafé ba haramun ba ne, amma wanda kika sha ƙarfe 9, wajen ƙarfe 2 na dare kusan rabinsa na nan a jininki. Ko kin yi barci ba mai nauyi ba ne, kuma cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya da rana. Masu shekarunki awa 8 zuwa 10 ake so su samu. Na san mai tashi da assalatu ba za ta kai 10 ba, amma ki yi ƙoƙari ƙarfe 10 ta same ki a shimfiɗa, in kin samu rabin awa bayan azahar ki ƙara.

Ciwon kai na kullum da gajiya, kada a ɗora ma jarrabawa duka. Kina karyawa kafin ki fita, ko ko kofin koko? Kina tafiya da ruwa? Ga zafin Afrilu da Mayu na zuwa, sai ya wuce digiri 40. Ƴan mata da yawa kuma jininsu ya yi ƙasa saboda al'ada ba su sani ba, alamarsa jiri, kasala, bugun zuciya da ɗashewar cikin ido. Ki je CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, a duba. Zogale, wake, hanta in an samu, har awarar gidanku, duk suna taimakawa, shayi kuma a ba shi tazara da abinci don yana rage shigar sinadarin ƙarfe.

Faɗuwar gaba a kilas: ajiye bik, ja numfashi a hankali, ki sake shi ya fi jan tsawo, sau biyar. Sannan ki fara da tambayar da kika fi sani, ko ita ce ta ƙarshe a takarda.

Yayan ƳarBagalam:

Ni ne mai wayar. Hajiya Uwar Biyar, hannuna lafiya lau. Kabu-kabu nike yi, ina fita da wuri, amma na ji. Wallahi ban san 6 ta samu ba sai a nan.

ƳarBagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwana tara kenan. Yaya na ɗora jarkunan a babur kafin ya fita, sau biyu ya manta, Inna da kanta ta tashe shi. Markaɗe dai yana wuyana, ta ce wannan ba ta yarda da kowa ba, saboda haka takardun Ɗan Ali Ɗan Tsoho na bakin hijabina. Jiya ɗaya ta faɗa cikin bokitin wake.

Baba ya ga buletan. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni nawa ne littafin tsoffin tambayoyi. Na ce ana samun na hannu a babbar kasuwa. Ya ce Juma'a. CSI ban je ba tukuna, Inna ta ce sai ranar da ba ta suya.

Mun fara da ƙawata guda a zauren gidansu, ta ukun babanta bai yarda ba. Mushe, Pitagor ya zauna, na yi guda goma sha ɗaya na ci takwas. Talas ne ya ƙi. In siffofin nan biyu masu kusurwa uku suka juya ma juna baya kamar malam-buɗe-littafi, sai in rasa wane gefe zan ɗora bisa wane. Daga ina ake farawa?