Kwamfutocin ofishinmu suna mutuwa ana tsakiyar aiki

Magatakarda, Auyo:
Assalamu alaikum. Ni ne ke riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman shinkafa, kuma muna aiki da tsofaffin kwamfutocin tebur guda uku, na hannu, masu ɗauke da Windows 7. Tun shigowar bazara biyu daga cikinsu suke yawan mutuwa: allo ya koma shuɗi da rubutu, kafin mutum ya karanta sai ta sake tashi da kanta. Ta ukun kuwa daskarewa take yi. An goge su an sake ɗora Windows, amma ba ta canja zani ba. Da janareta muke aiki. Shin tsufan manhajar ne, ko kuwa injinan ne suka gaji?

Mai gyara, Haɗeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a taɓa komai, a kwafe bayanan mambobi a filas, domin faifan ajiyar da ya fara lalacewa ba ya sallama. Tunda an sake ɗora Windows kuma matsalar ta dawo, zargina ya fi karkata ga kayan ciki. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ramukan iska, sai zafin bazara, wanda a nan yakan haura digiri 40, ya tarar da injin ba ya samun iska, shi kuma ya kashe kansa don kada ya ƙone. A cire wuta, a buɗe akwatin, a hure ƙurar, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, sannan a duba ko akwai kafasito (ƙananan gwangwanayen da ke kan allon cikin injin) da kansa ya kumbura. A zare RAM, wato katin ƙwaƙwalwar wucin gadi, a goge bakinsa da kilina, a mayar, a gwada shi da manhajar MemTest86. Mai daskarewar kuma a duba faifanta da manhajar CrystalDiskInfo. Idan ya nuna gargaɗi, a musanya shi da SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya.

Injiniya, Ringim:
Bayanin ya yi, amma ni da wuta zan fara, domin ita ce ta fi sauƙin ganewa. Malam, ka lura ko suna mutuwa ne daidai lokacin da aka kunna injin fotokwafi ko firiji, saboda ƙaramin janareta yakan sauke ƙarfin wuta a wannan lokacin. Idan haka ne, sitabilaiza da UPS (na'urar ajiye wuta) mai lafiyayyen batir za su fi kowane gyara amfani. Haka nan ka kashe zaɓin sake tashi da kai a saitin Windows, domin shuɗin allon ya tsaya, ka rubuto mana lambar da ta fara da 0x.

Malamar kwamfuta, Dutse:
Tsufan Windows 7 kaɗai ba ya kashe kwamfuta, sai dai bai kamata a raina shi ba. Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome, manhajar shiga intanet, ma ya tsaya a siga ta 109 a kansa, ga shi kuma filas yana yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis da ƙwayoyin cuta. Windows 10 ma wa'adinsa ya ƙare a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa yana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin injin, abin da irin waɗannan injina ba su cika samu ba. Idan an gama gyaran, a gwada Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice na rubutu da lissafi, a kan guda ɗaya tukuna, a tabbatar firintarku da takardun lissafinku suna buɗewa daidai kafin a taɓa sauran.