Sandar tokare zanen gaba a tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska: abin da aka tattauna

Jama'a, na bi maganganun kowa a tattaunawar da aka yi kan amfani da sandar tokare zanen gaba (zane shi ne ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi), ga abin da na tattaro.

1. An yarda sandar tana da amfani idan iska na bugowa daga baya kuma ba a ɗaga zanen balan-balan ba, wato wanda ke kumbura a gaban jirgi. Babban zane na bayan turke (dogon ƙarfen da ke riƙe zannuwa) ya buɗe gefe ɗaya, sandar ta tokare na gaba a ɗaya gefen. In babu ita, zanen gaba sai ya riƙa cika yana saki, yana faɗawa inuwar babban.

2. Dokar World Sailing, hukumar wannan tsere ta duniya, a bayyane take: sanda ɗaya ake amfani da ita a lokaci guda, sai dai lokacin juya zane, kuma dole ta kasance maƙale da turken gaba.

3. Tsawo ne ya fi jawo gardama. A tsarin PHRF na Amurka, wanda ke ba jirage rangwamen lokaci don daidaita su a tsere, yankuna da yawa suna ƙayyade sandar da awon J, wato tazarar turke zuwa gindin wayar da ke riƙe shi ta gaban jirgi. Wanda ya wuce haka, za a iya rage masa daƙiƙun rangwame. Wasu sun ce gudun da ake samu ya biya asarar, wasu suka ce a'a. Kowane yanki da nasa ƙa'idar, don haka ni ina tare da masu cewa a karanta takardar tseren kafin a sayi sanda.

4. Ra'ayi ya rabu kan hanyar da jirgi zai bi idan iska na baya. In iska ta yi rauni, wasu sun fi son karkacewa suna juyi, masu jirage masu nauyi kuma suka ce miƙewa ya fi.

5. A ɗaure sandar da igiya sama da ƙasa, kada ta yi tsalle ta doki mutumin da ke gaban jirgi.