Fankar lagireto ba ta tashi sai na kunna esi: shin in yarda a haɗa ta kai-tsaye?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2001 mai silinda huɗu, kuma makonni biyu ke nan tana ba ni tsoro. Idan ina kan hanyar Zariya ina gudu, allurar zafi ba ta wuce inda ta saba tsayawa, amma da na shigo cikin Kano na faɗa cunkoso, sai ta fara hawa har ta kusa taɓa ja. Jiya na tsaya na buɗe bonet injin yana aiki, sai na tarar fankokin biyu a tsaye cik. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na kunna esi sai duka biyun suka tashi, allurar kuma ta sauko. Mai wayarin ɗin da na je wurinsa ya ce a haɗa fankar dairek, wato ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, a wuce wurin. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Bakaniken Panteka:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi ya rage mana rabin aiki, domin tashin fankokin idan an kunna esi yana nuna cewa motar fankar, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta, lafiyarta ƙalau, fis ɗinta bai ƙone ba, rilen ma, wato maɓallin lantarkin da ke sakar mata wuta, yana kamawa. Abin da ya rage shi ne wanda ke ba su umarnin tashi idan ruwa ya yi zafi. A irin motarka akwai wani maɓallin zafi mai waya biyu da aka ɗaure a jikin gidan tamostat (bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama), wurin da tiyon ƙasa na lagireto ya shiga inji. Idan ruwa ya kai kimanin digiri 93 sai ya rufe, wato ya haɗa wayoyinsa biyu, ya ba rile hanyar at, wato hanyar komawar wuta ta jikin ƙarfen mota, rile kuma ya saki wutar batir zuwa fanka. Esi yana da tasa hanyar ta kiran rilen, shi ya sa yake rufa wa maɓallin asiri.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai guntuwar waya. Bari injin ya huce, ka zare soket ɗin maɓallin, ka haɗa ramukansa biyu da wayar, sannan ka murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa ba tare da ka tayar da injin ba, esi kuma a kashe. Idan fankokin suka tashi, wayoyin da suka taho daga rile lafiya suke, laifin yana ga maɓallin ko bakin soket ɗin. Idan ba su tashi ba, to waya ce ta tsinke a tsakani, ko kuma at ɗin ya yi tsatsa a inda aka ɗaure shi da jikin mota. Ka kula kada ka rikita shi da ma'aunin da ke ba kwamfutar inji labarin zafi, domin shi ma waya biyu gare shi, kuma na sha ganin an sayi sabo an canza wanda ba shi da laifi. Sannan ka janye yatsunka da hannun riga daga wurin fankar kafin ka murɗa makullin.

Kafin duk wannan ma, ka duba ruwan lagireto da safe injin yana sanyi. Shi maɓallin, zafin ruwa yake ji, ba na iska ba, don haka idan ruwan ya ragu ko iska ta maƙale a wurin, zai zauna shiru alhali kan injin yana dahuwa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireton da zafi, saboda matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwan tafasa a digiri 100, da ka sake shi kuwa ruwan zai yi tsalle ya same ka a fuska.

Direban Haya:

Ni dai ina ganin bai kamata a yi wa mai wayarin ɗin nan mummunar fahimta ba. Shekara uku ina jan mota da fanka dairek tsakanin Kano da Daura, ban taɓa ƙona gasket ba. A zafin watan Afrilu da ake wuce digiri 40, na fi son in ji ƙarar fanka a kunnena da in dogara ga wani ɗan maɓalli da ban san ranar da zai mutu ba.

Bakaniken Panteka:

Oga Direba, ban musa maka ba, kuma idan mota ta lalace wa mutum a tsakiyar hanya ni ma haka zan yi masa domin ya isa gida. Matsalar ita ce a mayar da dabarar isa gida ta zama gyara. Motar fanka tana da kabon a cikinta, wato ɗan gawayin da ke gugar ɓangaren da ke juyawa yana ba shi wuta, wanda yake cinyewa gwargwadon juyawarta, kuma an ƙera ta ne ta yi aiki na ɗan lokaci ta huta. A kan babbar hanya iskar da ke shigowa ta gaba ta wadatar, fankar tana juyawa ne a banza tana ƙara wa altaneta mai cajin batir nauyi. Ranar da kabon ɗin ya ƙare kuwa ba za ta yi sallama ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yin haɗin, domin da yawa sukan tsallake rile da fis, su jona siririyar waya a duk inda suka samu wuta, alhali fis ɗin wannan layi na amp 20 ne. Wayar da ba ta kai ɗaukar wannan wuta ba takan yi zafi ta narke, ta ja na kusa da ita.

Malama Injiniya:

Ƙari kaɗan ga wanda fankarsa ba ta tashi ko da an kunna esi, domin nasa binciken daga wani gefen yake farawa. Ya fara duba fis, sannan ya musanya rilen fankar da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin da ke ƙarƙashin bonet. Idan babu canji, ya zare soket ɗin fankar ya ba ta wuta daga batir da wayoyi biyu masu kauri. Wadda ta ƙi juyawa sai an ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukudireba, kabon ɗinta ne ya ƙare. Fis ɗin da yake ƙonewa sau biyu a jere kuma yana nufin motar fankar tana jan wuta fiye da kima ko waya tana taɓa ƙarfe, don haka kada a nannaɗa masa wayar tagulla.

Ɗan Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin guntuwar wayar yau da safe, fankokin suka tashi nan take. Bakin soket ɗin ya yi kore, na goge shi na mayar, amma allurar ta sake hawa ba su motsa ba. Sai muka kwance maɓallin muka tsoma bakinsa cikin tafasasshen ruwa muna aunawa da mita, bai rufe ba ko kaɗan. Na samo wani a Ƙofar Ruwa, muka gwada shi a ruwan kafin a ɗaura, yanzu fankar tana tashi tana tsayawa da kanta a cikin cunkoso. Sai dai da muka buɗe gidan mun tarar babu tamostat a ciki, da alama mai motar na farko ya sa an cire. Malam Bakanike, in mayar da shi ne, ko in bar ta haka?

Bakaniken Panteka:

Ka mayar da shi, Malam, wanda yake buɗewa a digiri 78 kamar na asali. Rashinsa yana sa injin ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, kwamfuta kuma ta ci gaba da zuba mai da yawa. Idan an ɗaura, a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na famfo, a bar injin yana aiki murfi a buɗe tun yana sanyi har kumfar iska ta daina fitowa, sannan a cika a rufe.