Baƙon dare: a buɗe masa ƙofa ko a'a?

Maman Talatu, Sabon Tasha:
Salama gare ku 'yan'uwa. Jiya wajen ƙarfe tara na dare wani saurayi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, wai motarsu ta lalace a hanyar Kachia, yana neman wurin kwana. Maigida ya ce ba za a buɗe ba. Ta taga na miƙa masa ruwa da burodi, ya yi godiya ya tafi. Har yanzu raina bai kwanta ba. Ibraniyawa 13:2 ta ce waɗansu sun sauki mala'iku ba da saninsu ba. Mahaifiyata a ƙauye sai baƙo ya ci tuwo kafin ta tambaye shi daga ina. Shin mun yi zunubi?

Ɗan Birged:
Mama, ni ke tsayawa a ƙofar majami'armu duk Lahadi ina duba jakunkuna. Ba don daɗi muke yi ba. Kowa ya san harin bam da aka kai wa majami'a a Madalla ranar Kirsimeti ta 2011. Maigidanki bai yi laifi ba, iyalinsa ya kare. Yesu ma ya ce mu zama masu wayo kamar macizai.

Dattijo daga Zonkwa:
Ɗana, ƙarasa ayar mana, akwai kurciya a ƙarshenta: mu zama marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Maman Talatu, sake duba Luka 10. Basamariyen nan bai kai mai rauni gidansa ba. Masauki ya kai shi, ya biya dinari biyu, ya ce in an kashe fiye da haka zai cika. A ganina kira ɗaya ya rage muku: mai unguwa, ko 'yan sintiri, ko fasto. Nauyin baƙo na dukan ikkilisiya ne, mu ne muka bar wa gida ɗaya shi, shi ya sa tsoro ke rinjaya.

'Yar Mubi:
Baba ya faɗi gaskiya. Da Boko Haram ta ci garinmu a 2014, a harabar majami'ar Saint Theresa ta Yola muka kwana. Bishof Stephen Mamza ya karɓi dubban mutane, Kirista da Musulmi, alhali kowa na tsoron 'yan leƙen asiri a cikin masu gudun hijira. Daga baya har masallaci ya gina wa Musulmin da ba su koma gida ba.

Maman Talatu:
Na gode Baba. Akwai ɗaki a bayan ofishin fastonmu, karyayyun kujeru ne kawai a ciki. Zan kai maganar taron zumuntar mata. Wa ya san kuɗin katifa yanzu a Kasuwar Barci?